Amfilifayar bes da zan iya ɗauka da hannu ɗaya

Zauren bikin a hawa na biyu yake, matakalar kuma ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa iya jerawa. Ni ina sama ina ja, ƙanena yana ƙasa yana turawa, tsohuwar amfilifayata, wato na'urar da ke ƙara sautin jitata ta bes, tana tsakaninmu. Saura taki huɗu mu kai sama na ji wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har cinyar dama, kamar an soka mini allura mai zafi. Na dai daure muka ƙarasa. Daren nan a zaune na kaɗa bes daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba a wurin biki. Washegari kuwa sai da maiɗakina ta kama ni kafin na iya saukowa daga gado. Sati uku na yi ina sallah a zaune.

Shekara 11 muna tare da amfilifayar nan. A hannun maigidana na saye ta, mutumin da ya koya mini riƙon jita, kuma kaɗan-kaɗan ya yarda na biya shi har na gama. Sifika ɗaya ce a cikinta mai inci 15, akwatinta katako ne mai kauri, taransifomar da ke ciki kuwa ita kaɗai ta ishi yaro kaya. Na taɓa ɗora ta a sikelin mai sayar da gas na layinmu, ta ba da kilo 34. Ba ta taɓa ba ni kunya a gaban jama'a ba, ko sau ɗaya. Sai dai masu Keke Napep na unguwarmu a nan Kaduna duk sun san ta. In suka hango ni tsaye da ita a bakin titi, wasu su ƙara kuɗi, wasu su wuce abinsu. Jiki magayi, shi ya gaya mini lokacin rabuwa ya yi.

Sharuɗɗa uku na gindaya wa kaina. In ɗauke ta da hannu ɗaya, jitata a ɗaya hannun, ba tare da neman ɗan dako ba. A ji ni idan mai ganga ya ɗau zafi. Kuɗinta kuma kada ya wuce abin da zan ɗauka a adashinmu, da ɗan abin da zan samu in na sayar da tsohuwar. Wata biyar na yi ina nema.

Wanda ba ya kaɗa bes zai ce, me ya sa kayanku kullum sun fi na kowa nauyi? Dalilin yana cikin sautin kansa. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu, wato E, sau 41 take karkarwa a daƙiƙa ɗaya, rabin na takwararta a jitar lid, wadda ke yin 82. Idan bes ɗinka mai tsirkiya biyar ne, B ɗinsa ya sauka har wajen 31. Sauti mai kauri irin wannan ba ya fita sai sifika ta tura iska mai yawa, iska mai yawa kuma tana son wuta mai yawa da akwati mai ciki. Shi ya sa duk yaron da ya sa bes a amfilifayar jitar lid ya buɗe ta, ba a jimawa yake yaga sifikar. Tun da Leo Fender, mai kamfanin Fender, ya fito da jitar bes ɗin Precision Bass a 1951 ake wannan fama. A 1969 kamfanin Ampeg ya fito da amfilifayar SVT, wat 300, mai aiki da kwalaben nan masu haske da ake kira bawul. Kanta kaɗai, wato sashen lantarkin ban da sifika, ya kusa kilo 40, akwatin da ake ɗora ta a kai mai sifika takwas 'yan inci 10 ya haura kilo 60, har makaɗa na kiransa firij. Sau ɗaya na taɓa kaɗawa da irinta, a wani taro a Abuja inda masu taron suka yi hayar kayan sauti, kuma har yau ina tuna yadda amonta ke bugun ƙirji kafin ya iso kunne. Amma ƙarti huɗu ne suka sauke ta daga mota.

Abin da ya sauya lamarin shi ne tsarin da ake kira Class D. An daina dogara da ƙatuwar taransifomar ƙarfe, an koma ɗan allon lantarki da ba ya ɓarnar wuta ta hanyar zafi sosai, don haka ba ya buƙatar tulin ƙarfen sanyaya shi. Wasu kamfanonin sun koma yin akwati da falankin katako marar nauyi, wasu kuma suna sa maganaɗisun neodymium a sifika, wanda ɗan ƙaraminsa ke yin aikin babban na da. Da farko ban yarda ba. Na tashi da tunanin cewa abin da ba shi da nauyi ba shi da kirki.

Wanda ya warware mini zancen wat shi ne dattijon da ke mana gyaran kayan sauti, muna ce masa Baba kawai. Na je shagonsa da hoton wata amfilifaya da na gani a kasuwa, an rubuta wat 2000 da manyan baƙaƙe a jikin kwalinta, kuɗinta kuma bai kai rabin abin da na tanada ba. Ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da tabaransa, ya ce, "Ɗana, ka juya bayanta ka ga wutar da take sha daga soket?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "To koma ka duba. Abin da bai ci ba, ba zai amayar ba." Na koma na duba. Abin da aka rubuta a bayanta bai kai 100 ba. Lambar gaban kwali ta ƙarfin ƙiftawar ido ce, wanda na'urar ba za ta iya riƙewa ko na daƙiƙa guda ba. Lambar da ake dubawa ita ce mai RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da za ta iya jurewa tun daga buɗe taro har rufewa.

Sai ya ƙara mini da wanda ya fi girgiza ni. Shekara da shekaru ina ɗauka wat 200 ta ninka wat 100 ƙara. Ashe ba haka ba ne. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, wato za ka ji an ɗan ɗaga, shi ke nan. Kafin kunnen ɗan'adam ya ce ƙarar ta ninka, sai ka ninka wat ɗin wajen sau goma. Amfanin ƙarin wat a wurin mai bes shi ne sarari: idan ka finciki tsirkiya da ƙarfi, sautin ya fita garau ba tare da ya shaƙe ba. Faɗin sifika da yawanta da ingancinta kuwa sau da yawa sun fi lambar wat tasiri a kan yadda za a ji ka.

Akwai kuma zancen om, ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta, wanda masu shago ba sa son a daɗe a kansa. Amfilifayoyi da yawa lambar da ke jikin sunansu sai an sauko om 4 suke ba da ita, alhali sifikar da ke cikinsu om 8 ce. Ɗauki Fender Rumble 200. Ita kaɗai wat 140 take bayarwa, sai ka jona mata wani akwatin mai om 8 sannan ta cika 200. Babbar yayarta, Rumble 500, wat 350 ce ita kaɗai. Kamfanin bai ɓoye ba, yana nan rubuce a takardarsu, mu ne ba ma karantawa. Akwati biyu masu om 8 in aka haɗa su gefe da gefe sun zama om 4. In ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a bayan na'urar, to ka shirya zuwa wurin Baba.

Daga nan na san abin da nake nema, sai jerin ya gajarce.

Markbass ta Italiya, mai sifikar nan ruwan ɗorawa, ita ce ta fara shiga raina. Mini CMD 121P ɗinsu kilo 13 ne da 'yan kai, wat 300 ita kaɗai, 500 in an ƙara akwati. Wani abokina da ke kaɗa wa cocinsu a Sabon Tasha yana da ita, ya ba ni na taɓa, sautinta tsaf kamar an wanke. Da na ji kuɗinta sai na yi mata fatan alheri. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 duk wani abu da ke shigowa da dala ya yi sama, ko sabo ne daga Alaba ta Legas ko na hannu, kuma farashin da aka gaya maka yau ba lallai ka same shi jibi ba. Hartke ma na gwada, mai sifikar da aka haɗa takarda da alminiyam. Tana da kaifi, masu salon fincika da mari za su so ta, ni kuwa ba hannuna ba ne. Na daɗe ina juya shawarar sayen kai kaɗai, irin BQ500 na TC Electronic da bai kai kilo 3 ba, ka jefa shi a jakar goyo, sannan in sa a haɗa mini akwati a nan gida. Dabara ce mai kyau ga wanda yawancin wuraren da yake zuwa akwai akwati a ajiye. Amma akwatunan da ake haɗawa a nan galibi da katako mai nauyi ake yin su, ka ga na gudu ban tsira ba ke nan.

Aka bar ni da 'yan gida ɗaya guda uku: Rumble 40, Rumble 100 da Rumble 200, duk daga zubin da Fender ya sabunta a 2014. Ta 40 sifikarta inci 10, kilo 8. Ta 100 inci 12, kilo 10. Ta 200 inci 15, kilo 15 da rabi ko sama kaɗan. Ranar da na fara ɗaga ta 100 na zaci mai shagon ya cire kayan cikinta ne. Sai da na leƙa ta baya.

A nan ne nake son duk mai karanta wannan ya tsaya. Kada ka gwada amfilifayar bes kai kaɗai a cikin shago ka ce ka gwada. A ɗaki mai faɗin tabarma uku, da bango ta kowane gefe, ko ta wat 25 za ta yi maka rugugi kamar hadarin Agusta. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuma a gefen ganga ake yin sa. Na roƙi mai kayan, wanda ke shigo da na hannu daga Ingila, ya bar ni in kai biyu wurin da muke atisaye, na bar masa jitata ta biyu jingina. Ya yi jim, ya ce, "Oga, kafin magariba fa." Na ce in sha Allahu.

Mu shida ne a ƙungiyarmu: ganga, fiyano, jitar lid, kalangu, mai waƙa, sai ni. Mai gangarmu hannunsa da nauyi, ba ya wasa da fata. Na ce masa ya kaɗa kamar yadda yake yi idan amarya ta shigo fili ana liƙi, kada ya tausaya mini. Muka fara da ta 40. Ni kaɗai tana da daɗi ƙwarai, kuma da atisaye a ɗaki kawai nake yi, ko ƙaramin taro da ba ganga, da ita zan ɗauka in huta. Ganga na shigowa sai ta nutse. Ina ganin yatsuna suna aiki, kunnena ba ya samun komai sai ɗan gunaguni. Na ƙara murɗawa, ta kai iyakarta. Muka sauya zuwa ta 100. Ya sake ɗaukar kiɗan, na tsaya da maɓallin ƙara a wajen rabi da ɗan ɗoriya, sai ga ni a cikin kiɗan, ƙafarsa da yatsana suna faɗuwa tare. Mai kalangu, wanda ya girme mu duka, ya ɗago kai ya ce, "Yauwa, ƙanena, yanzu na san inda kake."

Ban ce wat 100 ta isa ko'ina ba. A fili, inda babu bangon da zai dawo da sauti, iska ce ke shanye bes, kuma ko ta 200 ba za ta cika filin makaranta ba. Abin da ya sa hankalina ya kwanta shi ne ramin nan mai ƙafa uku da ke bayanta, XLR. Daga nan waya ɗaya ke tafiya kai tsaye zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa, manyan sifikun taro su ɗauki nauyin jama'a, ita kuma tawa ta zama ta jin kaina da ta mai ganga. Yawancin wuraren da ake kiranmu yau akwai kayan DJ ko na haya a wurin. Ashe shekara 11 ina ɗaukar kilo 34 don in yi aikin da manyan sifiku ke tsaye suna jiran a ba su. Kusa da ramin akwai ɗan maɓalli da aka rubuta ground lift, wanda ke kashe ƙugin nan da ke tasowa idan an haɗa na'urori biyu a layin wuta mai rikici. A ganina, amfilifayar bes da ba ta da XLR ba ta cancanci kuɗin mai zuwa biki ba, komai arhar ta. Abu ɗaya da na sani na haƙura da shi: ta 100 ba ta da wurin ƙara wani akwati, ta 200 ce ke da shi. Wanda ƙungiyarsa ke yawan kiɗa inda babu miksa, bayansa kuma lafiya lau, ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta 200. Ni na auna kilo biyar ɗin da ke tsakaninsu da matakalar nan, na ɗauki ta 100.

Saura zancen wuta, wanda masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba sa kawowa domin ba damuwarsu ba ce. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan hannu da yawa daga Amurka suke zuwa, kuma ba kowace amfilifaya ce ke karɓar duka biyun ba. A gabana wani yaro ya jona sabuwar amfilifayar da yayansa ya aiko masa, ko tsirkiya bai taɓa ba muka ji ɗas, sai warin ƙuna. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ni kaina sai da na ji ƙwalla. Kafin ka biya ko sisi, juya bayanta ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. In 120 kaɗai ka gani, sai ka haɗa da taransifomar rage wuta, ka ga nauyin da ka gudu ya dawo ta taga. Tawa daga Ingila ta zo, wutarmu ɗaya da su, har kan soket ɗin irin namu ne mai ƙafa uku.

Sai janareta. Baba ya gargaɗe ni da wani abu da ya kamata in faɗa don adalci ga tsofaffin kaya. Ya ce irin tsohuwata, in ta ƙone, zai buɗe ya ga abin da ya mutu da idonsa, ya cire ya sa wani. Sababbin nan kuwa kayan cikinsu ƙanana ne kamar ƙwayar gero, a manne a allo, sau da yawa sai dai a sauya allon gaba ɗaya, samunsa kuma sai an aika Legas ko waje. Don haka rigakafi ya zama dole. Ba na jona ta sai janareta ya tashi ya daidaita. In za a sauya daga wutar gari zuwa janareta, ni ne na farkon kashewa, ni ne na ƙarshen kunnawa. Na sayi 'yar na'urar nan da ake sa wa firij, mai yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa ta kuma jinkirta dawowarta, tana zaune a jakar wayoyina. Ba na yarda a haɗa ni a layi ɗaya da injin sanyaya lemo. Maiɗakina kuma ta ɗinka mata riga da yadin kujera mai kauri saboda ƙurar hunturu.

Game da amo, kuskuren da na daɗe ina yi shi ne murɗa maɓallin Bass har ƙarshe da zarar na ji ba a ji na. Wannan cinye wat yake yi a banza, ya cika zaure da rugugi, musamman zaurukan bikin yanzu masu tayil da gilashi ta ko'ina. Abin da ke sa kunne ya gane wace tsirkiya ka taɓa yana tsakiya ne. Rumble tana da maɓallai huɗu na gyaran sauti: Bass, Low-Mid, High-Mid da Treble. Ina barin Bass a tsakiya, wani lokaci ma in rage, in ɗaga Low-Mid kaɗan. Akwai maɓallin Contour da ke kwashe tsakiyar sauti. A ɗaki kai kaɗai yana da daɗi kamar me, a cikin ƙungiya kuwa ɓatar da kai yake yi, don haka a kashe nake barinsa. Na Vintage nake dannawa idan muna kiɗan da ke tafiya a hankali, yana ba da amo mai taushi, zagayayye, kusa da na tsohuwata. High-Mid kuwa ba na wuce gona da iri, domin ta wajen nan kalangu ke magana, kuma in na shiga gonarsa kallo ɗaya yake yi mini in gane.

Inda ka ajiye ta ma sauti ne. A kusurwar bango kaurin yana ƙaruwa kyauta, a tsakiyar dandamali yana raguwa. Da yake gajeriya ce, in tana ƙasa gwiwoyina take yi wa kiɗa, don haka nakan ɗora ta a kujerar roba ko in ɗan kishingiɗar da ita ta kalli kunnena. Kuma kafin ka zargi amfilifaya, duba tsirkiyarka. Wadda ta shekara biyu tana shan gumi da ƙura ba za ta yi daɗi ko a SVT ba.

Tsohuwar ban kai ta kasuwa ba a ƙarshe. Na je gaida maigidana na gaya masa halin da ake ciki, ya ce akwai yara uku da yake koya wa a zaurensa, ba su da abin jonawa. Muka kai ta can ni da ƙanena, a ƙasa zauren yake, ba matakala. Gibin kuɗin da hakan ya bar mini, bukukuwa huɗu na bayan sallah suka cike shi.

Asabar ɗin da ta wuce muna da kamu a Zariya. Na fito gida da jita a kafaɗa, jakar wayoyi a wuya, amfilifaya a hannun hagu, na tari Keke zuwa Kawo a kuɗin mutum ɗaya. A tasha direban ya buɗe but yana neman inda zai sa ta, na ce ya bari, Malam, a cinyata za ta zauna.